Yadda Ake Adana Gwal da Azurfa da Murjani a Cikin Laimar Legas

Wata baiwar Allah da aure ya kawo ta Agege daga Kano ta aiko da tambaya. Ta ce shekararta ɗaya da 'yan watanni a Legas, kuma duk kayan adonta, na lefe da waɗanda ta gada a wurin mahaifiyarta, suna cikin gwangwanin alewa guda a ƙasan akwati kamar yadda ta saba ajiye su a gida. Da ta buɗe domin shirin wani biki, sai ta tarar awarwaron azurfa ya yi baƙi ƙirin, sarƙoƙin gwal biyu sun harɗe da juna, 'yan kunnen fashin, wato na ruwan gwal, sun yi kore a gindi, murjanin mahaifiyarta kuma ya dusashe. Tana so ta san ko jabu aka ba ta tun farko, da kuma yadda za ta tsara kayan a ɗakinta don kada hakan ya sake faruwa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da kika lissafa da yake nuna an cuce ki. Na gaji ƙirar farfaru a wurin mahaifina, kuma na daɗe ina gyaran gwal da azurfa a nan Legas, irin wannan gwangwanin naki kuwa ba zan iya ƙirga adadin da aka juye mini a kan tebur ba, yawancinsu daga matan da suka taso a Arewa. Ajiyar da ta yi wa iyayenmu aiki a Kano ko Katsina ba ta aiki a nan, saboda iskar ba ɗaya ba ce. A can, mafi yawan shekara iska a bushe take, da hunturu ma har fata ta riƙa tsagewa. A nan kuwa gari ne na bakin teku, danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100 a lokacin damina, ga gishirin teku a cikinta idan mutum yana zaune wajen Apapa ko Obalende ko Lekki, ga hayaƙin janareta da na motoci, ga tururin lambatu. Kin dai ga yadda takalmin fata yake yin furfura a cikin kabad idan aka kwana biyu ba a taɓa shi ba. Wannan laimar ce take shiga gwangwaninki, ta kwanta a kan ƙarfe, ta yi aikinta a hankali.

Baƙin da azurfa take yi ba tsatsa ba ne, ba kuma datti ba. Akwai ɗan tururin farar wuta a cikin iska, irin wanda yake ba ruɓaɓɓen ƙwai warinsa, kuma idan ya haɗu da azurfa sai su haifar da wani siririn baƙin rufi a fuskarta, danshi kuma yana gaggauta wannan haɗuwar. Azurfa ta gaskiya ita ce ma aka sani da wannan hali. Farar wutar tana fitowa daga hayaƙi da lambatu, tana kuma fitowa daga abin da mutane ba sa zato, wato roba da ulu da wasu takardu. Wata mata ta taɓa kawo mini mundaye shida da ta haɗa ta ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Da muka tsinke robar, wadda ta riga ta narke ta manne, sai ga baƙin layi a jikin kowace munduwa daidai inda robar ta kwanta, kamar an zana shi da alƙalami, sauran jikin kuwa ɗan ja-ja kawai ya yi. Tun daga ranar nake fara tambayar duk wadda ta kawo azurfa abin da ta ɗaure ta da shi.

Ki sami rana da babu gaggawa, ki rufe ƙofa, ki shimfiɗa farin zane a kan gado, nesa da bakin famfo ko tagar da ƙaramin ɗan kunne zai iya faɗawa, ki juye komai. Yawancin mata suna raba kaya ne bisa siffa, zobba wuri ɗaya, sarƙoƙi wuri ɗaya. Ni kuwa shawarata ita ce ki fara rabawa bisa abin da aka yi su da shi, gwal daban, azurfa daban, fashin daban, sannan murjani da lu'ulu'un teku da sauran duwatsu daban, domin abin da yake kare ɗaya yana iya cutar da ɗayan. Ki duba hatimin da ake bugawa a cikin zobe ko kusa da maƙullin sarƙa. Lamba 916 tana nufin karat 22, 875 karat 21 ne wanda aka fi samu a gwal ɗin Saudiyya, 750 karat 18 ne wanda aka san gwal ɗin Italiya da shi, 585 kuma karat 14. Lambar tana faɗin yawan tsantsar zinariya ne a cikin kashi 1000, sauran kuma jan ƙarfe ne da azurfa da makamantansu da ake gaurayawa don a ƙara mata ƙarfi. A azurfa za ki ga 925. Hatimi dai ana iya buga na ƙarya, maganaɗisu kuma ba ya yanke hukunci tunda tagulla ma ba ta kama shi, saboda haka duk abin da kike shakka a kansa ki ware shi gefe har ki kai wa maƙerin da kika yarda da shi ya gwada miki a kan dutse a gaban idonki.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane kan cewa kowane abu ya sami mazauninsa shi kaɗai shi ne bambancin tauri. Wani Bajamushe masanin duwatsu mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri a shekarar 1812, daga 1 zuwa 10, kuma har yau da shi ake aiki. Daiman yana kan 10, yakutu yana kan 9, amma zinariya da azurfa ba su wuce 2.5 zuwa 3 ba, wato kaɗan suka fi farcen hannunki tauri. Murjani da lu'ulu'un teku su ma a ƙasa suke, ba su kai 5 ba. Ita kanta ƙurar da hunturu yake kawowa tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai tauri 7. Ke nan idan zobe mai dutse yana kwance da awarwaron karat 22 a gwangwani ɗaya, duk lokacin da aka ja akwatin ko aka ɗaga shi, dutsen yana kankarar awarwaron. Gwal mai karat 21 da 22, wanda matanmu suka fi so saboda kyawun launinsa da darajarsa wurin sayarwa, shi ne ya fi laushi, shi ne kuma ya fi saurin lotsewa. Idan kika kawo mana mu goge, za mu fitar da ƙyallin, amma ki sani gogewa cin jikin ƙarfen ce, kowane zuwa ana rage wani abu daga nauyinsa komai ƙanƙantarsa. Ga awarwaro da sarƙoƙin da ake yi masu kogo a ciki don su yi girma a ido ba tare da nauyi ba, su kam idan aka danne su da wani abu suka lotsa, da wuya su koma yadda suke.

Ba sai kin sayi akwatin ado mai tsada ba. Idan kina da mai ɗakuna-ɗakuna da aka shimfiɗa wa karammiski a ciki, madalla, amma ƙananan ledoji masu zif da 'yan jakunkunan auduga da kowane tela zai ɗinka miki daga ragowar yadi sun wadatar. Sarƙa ana rufe maƙullinta kafin a ajiye, a sa ta ita kaɗai a leda, a bar ɗan bakin maƙullin a waje sannan a ja zif, ta haka ba za ta ƙulle kanta ba. Siririya sosai kuma ana zura ta cikin tsinken shan lemo a rufe maƙullin. 'Yan kunne ƙanana ki soke kowane biyu a cikin hudar babban maɓallin riga, ko ki yi amfani da 'yar battar nan mai gida bakwai da ake zuba maganin mako a ciki. Sarƙoƙinki biyu da suka harɗe, kada ki ja su da hannu ko kaɗan, domin ja yana ƙara matse ƙullin yana kuma buɗe ƙananan zobban sarƙar. Ki kwantar da su a kan faranti, ki ɗiga ɗigo ɗaya na man zaitun a kan ƙullin, ki sa allura biyu ki riƙa buɗe shi daga tsakiya a hankali, idan sun rabu ki wanke su da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun ruwa da buroshi mai laushi irin na jarirai. Sai sun bushe sarai za a mayar da su leda, kuma wannan ya shafi komai, domin wanda ya rufe abu da sauran lema a jikinsa ya kulle masa abin da ake gudu ne a ciki.

Azurfa tana son a raba ta da iska gaba ɗaya. A goge ta da ƙyallen auduga, a sa a leda mai zif, a matse iskar, a rufe. A cikin akwatin kuma ki jefa 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, aikinsu tsotse danshi ne. A Legas suna saurin ƙoshi, don haka ki riƙa canja su duk bayan wata biyu ko uku, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba da Oktoba lokacin da ruwa ya fi yawa, kuma ki nisanta su daga hannun yara. Idan babu su, guntun alli ko gawayi mai tsabta a ƙunshe cikin ƙyalle yana taimakawa. Kada a naɗe azurfa da jarida, kada a ɗaure ta da roba. Shi kuwa awarwaronki da ya riga ya yi baƙi, idan babu dutse ko wani abin da aka manna a jikinsa, ki shimfiɗa takardar alminiyon da ake naɗe abinci da ita a cikin kwano, ki ɗora shi a kai yadda zai taɓa takardar, ki barbaɗa cokali ɗaya na bekin soda, ki zuba ruwan zafi. Za ki ji ɗan wari kamar na ƙwai yana tashi, wannan farar wutar ce take barin azurfar. Bayan 'yan mintoci ki ɗauraye ki busar. Na fi son wannan hanya a kan toka da man goge baki da mata suka saba da su, domin waɗancan kankare fuskar azurfar suke yi, ƙyallin da suke bayarwa kuma ba ya daɗewa. Sai dai idan azurfar mai zane ce da maƙeri ya baƙanta cikin zanen da gangan don ya fito, irin aikin Agadas, to kada ki tsoma ta, gogewa da ƙyalle ta isa, in ba haka ba za ki wanke adon tare da dattin.

Murjani da lu'ulu'u su kuma akasin haka suke. Ba ƙarfe ba ne, halittun teku ne, kuma jikinsu dangin alli ne, shi ya sa duk abu mai tsami yake cin su, ko lemon tsami ne ko ruwan kal ko gumin jiki da aka bari ya kwana a kansu. Turaren fesawa da humra da man shafawa suna kashe musu haske, hayaƙin turaren wuta kuma yana da maiƙo da yake kwanciya a kansu ya kama ƙura. Ina kyautata zaton abin da ya sami murjanin mahaifiyarki ke nan, tare da gogayya da ƙarafan da ke cikin gwangwanin. Ki gama shafe-shafenki da turara jiki da tufafi, ki bari turaren ya bushe, sannan ki sa su, idan kin dawo kuma ki fara cire su kafin komai, ki share su da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa. Ba a rufe su cikin leda tare da abin tsotse danshi, domin bushewa mai tsanani tana sa lu'ulu'u ya tsattsage. Jakar auduga ce mazauninsu, a kwance ba a rataye ba, don kada nauyinsu ya miƙar da zaren.

Fashin ba shi da dogon bayani. Siririn ruwan gwal ne a kan tagulla ko wani ƙarfe, koren da kika gani kuma jan ƙarfen da ke ƙasa ne gumi da laima suka taso da shi. A share shi da busasshen ƙyalle bayan kowace sakawa, kada a jiƙa shi tunda duwatsunsa da gam aka manna, a ajiye shi nesa da gwal. Wanda ya riga ya yi kore a sandar da ke shiga kunne, ki haƙura da shi, yana iya sa wa kunne ƙaiƙayi da gyambo.

Akwai abu biyu da suke yi wa gwal ɓarnar da ta fi ta laima, kuma duka biyun suna cikin gidajenmu. Ɗaya shi ne bilic na wanki, wanda yake cin ƙarafan da aka gauraya da zinariyar har zobe ya yi rauni ya tsage, musamman a inda aka yi masa walda, saboda haka a cire zobe da awarwaro kafin a taɓa ruwan wanki ko na wanke banɗaki. Ɗayan kuma zaiba ce, wadda take cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi da kuma wasu mayukan bilicin. Wata matashiya ta taɓa zuwa wurina ranta a ɓace, zoben aurenta ya yi fari-fari ta ciki, ta riga ta yanke cewa mai shagon da aka saya a wurinsa ya ha'ince su. Na gwada zoben ya fito karat 18 cif, da na tambaye ta man da take shafawa sai maganar ta fito. Zaiba tana manne wa zinariya ta shige jikinta. Idan hakan ta faru kada a ɗora zoben a wuta a gida, domin tururin zaiba guba ne, a kai wa maƙeri, man kuma a rabu da shi saboda abin da yake yi wa jiki ya fi wanda yake yi wa zobe.

Game da wurin ajiya a cikin ɗaki, ki guji banɗaki da jikin bangon da yake tsattsafo da ruwa, ki kuma guji ƙasa. Duk wanda ya ga ambaliyar watan Yulin 2011, ko wadda ta mamaye Lekki a Yulin 2017, ya san ruwa yana iya shiga ɗaki cikin dare ɗaya, akwatin da ke ƙarƙashin gado kuwa shi yake fara samu. Ki raba kayan gida biyu. Na yau da kullum, 'yan kunne biyu ko uku da zobe da sarƙa ɗaya, su zauna a durowar madubi cikin ƙaramar batta. Manyan kuma, waɗanda sai biki ko Sallah, su tafi wuri mai tsawo, busasshe, mai makulli, wanda ba a buɗewa a gaban baƙi ko masu aiki ko yara. Ɓarawo idan ya shiga gida ɗakin barci yake fara nufa, ya duba kabad da ƙarƙashin katifa da akwatunan lefe, don haka kada dukan abin da kika mallaka ya taru a ɗaya daga cikin wuraren nan. Idan za ki sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobi, ki sa a ɗaure shi da bango ko daɓe da ƙusoshi, domin wanda ba a ɗaure ba ɗaukarsa ake yi gaba ɗaya. Ɓoyo kuma yana da nasa hatsarin. Na san gidan da aka yi sadaka da tsohuwar riga da sarƙa a aljihunta, na san wanda aka ɓoye zobba a buhun shinkafa mai ɓoyon ta kwanta asibiti babu wanda ya sani. Lallai mutum ɗaya da kika amince da shi, maigida ko 'yar'uwa, ya san inda kayan suke. Idan kuma tafiya gida ta kama, gwal yana jakar hannunki a jikinki, ba ya shiga kayan da za a loda a bayan mota ko a cikin jirgi.

Abin da na fi so ki ɗauka da muhimmanci, wanda kuma mata ƙalilan ne suke yi, shi ne rubutu. Ki sami ƙaramin littafi, kowane abu ki ba shi layinsa, ki rubuta siffarsa da karat ɗinsa da nauyinsa a giram da ranar da ya shigo hannunki da hanyar da ya shigo, saye ne ko lefe ko kyauta ko gado, sannan ki rubuta na wane ne. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, saboda haka ki sayi ƙaramin sikelin giram, ko ki kai a auna miki, ki ɗauki hoton kowane abu yana kan sikelin lambar tana fitowa. Rasit ɗin shagunan gwal da yawa a kan takardar nan mai santsi ake buga shi wadda rubutunta yake gogewa cikin 'yan watanni a zafi da laima, don haka ki ɗauki hotonsa tun yana sabo, ki tura wa kanki ta imel yadda ko waya ta ɓata yana nan.

Amfanin wannan littafi yana fitowa ne a ranar da ba a zata ba. Idan za ki ba da gyara, a auna a gabanki kafin ki bari, a sake aunawa ranar karɓa, maƙerin kirki ba ya jin haushin wannan, yana kare shi ne kamar yadda yake kare ki. Idan ƙawa ta ari sarƙa don biki, ki rubuta rana da suna, zumunci da yawa ya lalace a kan wace sarƙa aka ara da kuma ko an dawo da ita. Idan ajiyar wata ce a hannunki, ta ƙanwa ko ta 'ya, rubutun ne zai hana a haɗa ta cikin gado idan ta Allah ta kasance, kuma na sha ganin 'yan uwa sun zo shago a auna musu gwal ɗin mamaciya suna gardama a kan wanne ne nata wanne ne amana. Haka nan zakka. Nisabin zinariya dinare 20 ne, wanda malamai suka ƙiyasta da kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, abin fitarwa kuma kashi 2.5 cikin 100 idan shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, babu zakka a kan kayan adon da mace ta tanada domin sakawa, amma wanda aka saya domin ajiyar dukiya ko kasuwanci hukuncinsa daban ne, Hanafiyya kuwa sun wajabta ta a kan duka. Hukuncin naki malami ne zai faɗa miki, amma duk malamin da kika je wurinsa zai tambaye ki nauyi da niyyar ajiyar. Ki kuma tuna cewa sarƙa mai giram 40 ta karat 18 tsantsar zinariyar cikinta giram 30 ce, kuma idan akwai duwatsu a jiki ana cire nauyinsu wurin lissafi da wurin sayarwa.

Murjanin mahaifiyarki shi ne abin da ba zan so ki gwada gyarawa da kanki ba. Ki share shi da ƙyalle mai laushi da ruwa zalla, ki shanya shi a inuwa a kwance, ki duba zaren da kyau, domin zaren auduga yana ruɓewa a laimar nan ba tare da ya nuna ba sai ranar da ya tsinke a tsakiyar taro. Ki kai shi wurin mai shirya duwatsu ya sake masa sabon zare, ki roƙe shi ya yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, yadda ba za su riƙa gugar juna ba, ko zaren ya tsinke kuma ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Ki ƙirga ƙwayoyin a gabansa kafin ki miƙa, ki rubuta adadin a littafinki, kuma kada ki yarda kowa ya ɗiga masa ruwan gwaji da sunan tabbatar da ingancinsa, domin inda ruwan ya taɓa zai bar tabon da ba ya fita.